Gonar Balan Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Ajingi, ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga mahaifinka, da addu'ar Allah ya sa ka sauka Kano lafiya, ya haɗa ka da shugaba mai adalci a wurin aiki da maƙwabtan kirki a masauki, ya kare ka daga sharrin mota da sharrin mutum. Innarka tana gaishe ka, yayanka Auwalu ma haka. Kada ka yi wa rubutuna dariya. A gindin tsamiya na koye shi, ajin yaƙi da jahilci, da gemuna da komai. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don maganar da ke ciki tsakanina da kai ce.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Yau kwana goma sha biyu da ka hau mota, kuma har motar ta tashi ba ka ɗago ka dube ni ba. Na gani, na kuma san dalili. Ana gobe za ka tafi ka same ni a zaure, ka ce in sayar da gonar Balan, wadda na faɗa a gaban mutane cewa za ta zama taka duk ranar da ka yi aure, in ba ka kuɗin ka sayi hannun jari. Ka ce abokinka Ɗanjuma, wanda kuka yi sakandare tare, ya san wani ƙaramin kamfani da zai fara yin bokitin roba a Kano, ana sayar da hannun jarinsa kwabo biyar-biyar, kafin babbar Sallah kowane ɗaya zai kai sule biyar, sai ku sayar ku kwashe riba ku fita. Na ce maka zan yi tunani. To na yi. Amsar ita ce a'a, kuma ba irin a'ar da ake lallashi ta koma e ba ce.

Na san abin da kake faɗa a ranka: tsohon nan manomi ne, ina ya san harkar takarda? Gaskiyarka, ban san ta ba. Amma kwaɗayin riba ta kusa na san shi sanin da ba na yi maka fata, don ya sha kayar da ni a bainar jama'a. Kunya ta hana ni zaunar da ku in gaya muku. Yau zan cire kunyar in ajiye, ka karanta a hankali.

Kana ɗan shekara huɗu ko biyar, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, na je kasuwar Gaya ana saura kwana shida Sallar layya. Na haɗu da wani mutum riƙe da rago, sai waige-waige yake, matarsa ba lafiya, yana neman kuɗin mota ya kai ta asibiti. Na taya ragon tayin rashin kunya, ya sallama. Kwana uku tsakani na sayar da shi a nan Ajingi kusan ninki biyu. Na dawo gida ina tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Innarka ta dube ni ta ce, "Malam, ragon nan dabararka ce, ko Allah ne ya jefo maka?" Na ji haushinta, na ce mata ba ta san kasuwa ba. Ita ce da gaskiya. Babu wata dabara tawa a ciki, mutum ne ya matsu ni kuma na tsaya a kan hanyarsa. Har yau in na tuna fuskarsa ba na jin daɗi. Amma a lokacin ban ga haka ba, na ɗauka ni wani gwani ne da noma ya ɓoye. Da a ce na faɗi a ragon nan, da na koma gonata na huta. Saboda haka in ka taɓa cin riba a dare ɗaya, kada ka yi saurin yaba wa kanka, ka zauna ka tambayi kanka wa ya yi asarar da ta zama ribarka, kuma me ya matsa masa.

Da wannan girman kan na shiga bazarar shekarar. Lokacin gyaɗa ce ke mulki, kowane lungu da sikeli, 'yan baranda suna saye suna tara wa manyan 'yan kasuwa. An gama kaka, gyaɗa ta ƙare a hannun mutane, sai ga wani ɗan baranda mai suna Mato yana neman cikon mota ido rufe. Ni kuma ina da buhu uku na iri a rumbu, da ɓawonta, wadda na zaɓa da hannuna yadda na ga mahaifina yana zaɓa. Mato ya faɗi kuɗin da ban taɓa jin an sayi gyaɗa haka ba. Nan take na tsara abina: in sayar yanzu da tsada, in ruwa ya kusa in sayi wani irin da arha, bambancin ya zama nawa. Na sa tsani zan hau rumbu, innarka ta fito daga ɗaki da muciya a hannu ta ce, "Malam, iri ne fa." Na ce, "Iri ma ai gyaɗa ce." Ta juya ta koma kan tukunyarta.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Kowa ya fito neman iri a rana ɗaya, kuɗinsa ya haura abin da Mato ya ba ni. Wanda na samu kuma ashe ya daɗe a sito ƙarƙashin rufin kwano, zafi ya kashe shi. Na shuka, rabi bai fito ba. Gonar ta tsaya nan tsiro can fili, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya kalla. Ana cikin haka innarka ta jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, ta zazzage mini tiya biyu na irin mahaifina, wanda ta ɗiba a ɓoye ranar da Mato ya zo. Ta ajiye a gabana ta tafi. Ba ta ce na gaya maka ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Gyaɗar da ka tashi kana ci a gidan nan jikokin tiya biyun nan ne. Abin da na koya, kuma nake so ka riƙe: akwai abin da ake sayarwa, akwai abin da ake samo abin sayarwa da shi. Kafin ka rabu da na biyun, ka tambayi kanka nawa za ka biya ka dawo da shi ranar da kowa ke nemansa, in ma zai dawu.

Za ka ɗauka na yi hankali daga nan. Na yi, na shekara goma ko fiye. Sai shekarar fari, wadda kai ma ka gani da idonka kana sakandare, lokacin da aka canja mana fam da sule zuwa naira muna ta rikicewa a kasuwa. Ina da wata farar karsana a hannun Jauro Bello, Bafulatanin da ke riƙe mini kiwo. Shekara uku tana wurinsa, ta ɗauki cikinta na farko. Sai mutanen arewa suka fara gangarowa da shanunsu da yunwa ta cinye, suka cika kara a Gaya, ana ba da saniya a kuɗin akuya. Na tsaya na duba, na ga karsanata ɗaya za ta sayo mini tara. Tara, Salisu! Na ce in ɗaure su kwana arba'in, harawa da dusa da kanwa, su yi nama, in miƙa wa mahauta, in sayi karsana uku in na ga dama.

Na je wurin Jauro na ce ya kawo mini karsanata. Ya bi ni har kara ya ga abin da nake shirin saye. Ya zagaya su, ya ɗaga leɓen wannan, ya ja fatar wancan, sannan ya ce, "Malam Sule, waɗannan ba shanu ba ne, fatu ne a tsaye. Masu su Fulani ne kamar ni. In ka ga mun ba da saniya a wannan kuɗin, mun riga mun yi mata kallon ƙarshe." Ka san me na ce masa? Na ce baƙin ciki yake yi, don ba ya so karsanar ta bar garkensa. Mutumin da ya riƙe mini amana shekara uku na gaya wa haka. Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah ya sa ni ne ban gani daidai ba."

Ilu maɗinki ya sayi karsanar, ya mayar da ita garken Jauro. Na koro tara gida, yara suna bina suna ihu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, farin da ya ramar da shanun shi ne ya hana harawa, a shekarar damin harawa ya nemi ya fi damin gero tsada. Suka cinye abin da na tanada cikin mako biyu, ba su ƙara ko tsoka ba. Kullum da safe ni da Auwalu sai mun zura itace a ƙarƙashin cikinsu mun ɗaga kafin su tsaya. Daga baya ko an ɗaga sai su zube. Bakwai suka mutu ɗaya bayan ɗaya, biyu muka yi saurin sa musu wuƙa, mahauta suka ce fata kawai za su biya. Kai kana makaranta, da ka dawo hutu ka tambaya me ya sa bayan gida ke wari, na ce maka jakin maƙwabta ne ya mutu. Ƙarya na yi maka, ka yafe mini.

Karsanar kuwa ta haihu a hannun Ilu, 'yarta ma ta haihu. Yau in garken Jauro zai wuce da yamma, ta ƙofar gidana yake bi, kuma na san kowace saniya da ta fito daga tsatson farar nan. Ilu mutumin kirki ne, yakan aiko mana da nono. Innarka ta dama fura da shi kowa ya sha, ni ba na iya sha.

To yanzu dubi hannun jarin kwabo biyar ɗin nan naka da idon Jauro. Ɗanjuma ya taɓa shiga kamfanin? Ya ga inji yana aiki? Ya riƙe bokiti ɗaya a hannunsa ya zuba ruwa ya ga ba ya yoyo? In har mai kamfanin ya tabbata abin zai ninka sau goma kafin Sallah, me ya hana shi riƙe kayansa, ko ya kai wa manyan attajiran Kano da ke kusa da shi, sai sabon akawu daga Ajingi wanda ko albashin farko bai karɓa ba? Sannan ranar da za ku sayar, wa zai saya? Ni na san wanda zai saya. Wani yaro ne irinka, daga wani ƙauye irin namu, wanda shi nasa uban ya yarda ya sayar da gona. In an same shi kun ci, in ba a same shi ba ku ne shi. Ba na cewa Ɗanjuma ɓarawo ne. Na san shi, ya ci tuwo a gidan nan, kuma ina jin ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Ni ma ranar da nake koro shanun nan na yarda da kaina har zuciyata.

Kuma kada ka ɗauka ina cewa lallai abin zai faɗi. Ban san gaibu ba. Mai yiwuwa ya hau, Ɗanjuma ya sayi babur, ya zo har Ajingi yana busa mana ƙaho. In haka ta faru ka zo zaure ka yi mini dariya, ni zan shimfiɗa maka tabarma da kaina. Ko a ranar ba zan yi nadama ba. Mutum yakan tsallaka rijiya da gudu ya sauka lafiya, wannan bai sa in ce wa ɗana ya gwada ba.

Ba hannun jari nake ƙi ba, ka fahimce ni. Ina jin rediyo, na ji gwamnati ta sa manyan kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso, na kuma ji daɗin haka. Har limaminmu na tambaya, ya ce haɗa jari a yi ciniki a raba riba da asara halal ne, muddin ba giya ake yi ba, ba kuma kuɗin ruwa ake ci ba. In kana so ka shiga, shiga ta ƙofa. Ka bari albashi ya fara zuwa. Ka ci, ka biya haya, ka yi sutura, abin da ya saura ka riƙa ware kaɗan kowane wata. In ya taru, ka nemi kamfanin da ka san kayansa tun kana yaro, sabulun da innarka ke wanki da shi, ko sukari, ko ashana, abin da in ka zo kasuwar Ajingi za ka same shi a kan teburin kowane mai tireda, bana da bara da bara waccan. Ka saya ko da tsada ne, ko kaɗan ne kuɗinka ya isa. Ka karɓi takardar shaida da sunanka a kai, ba sunan aboki ba, ka sa ta a ƙasan akwati. Daga nan ka manta da ita. Kada ka riƙa yawon tambayar nawa ta kai yau, don wanda ke tone shuka kullum ya ga ko ta yi saiwa shi ke kashe ta. Ɗan abin da za su riƙa aiko maka a shekara, in ba ka matsu ba ka ƙara saye da shi. Ka ba abin shekara goma kafin ka yanke masa hukunci. Za a yi shekarun da zai sauka, abokai su ce ka sayar ka tsira, a nan ne za a gane ko jinina ne a jikinka ko na ɗan baranda. Kuma kome daɗin labari, kada ka taɓa zuba abin da in ya tafi ba ka da wurin komawa.

Na san kanka, za ka ce ai gonar Balan ɗin ma da arha na saye ta. Haka ne. Jigawa ce da ta gaji, ba abin da take fitarwa sai ƙuduji, mai ita ya rasa wanda zai karɓa. Da na saya mutanen Balan suka sa mata suna Asarar Sule, har yau akwai tsofaffin da ke kiran ta haka. Amma kafin in biya na taka ta daga iyaka zuwa iyaka, na tona ƙasarta da hannuna na shinshina, na gane yunwa ce ke damun ta, ba mutuwa ba. Yunwar ƙasa kuwa abu ne da bayana zai iya magancewa. Rani bayan rani ina sammako da jakuna biyu ina kai mata taki a mangala. Na riƙa ba Fulani gero don su sauka a kanta da shanunsu. Duk ɗan gawon da ya tsiro na kewaye shi da ƙaya na hana a sare. Shekara huɗu ba ta mayar mini da abin kirki ba, ana dariya ina zuwa. A shekarar farin nan, da na gama wautata da shanu, sauran gonakina suka ƙone, ita ce ta ba mu geron da ya kai mu damina. Tuwon da ka ci a hutun nan daga Asarar Sule ya fito. To gaya mini, in kamfanin bokiti ya kama rashin lafiya, me za ka ɗauka a jaki ka kai masa?

Kai kanka haka na riƙe ka. Da na sa ka a boko, Baffanka Hadi ya ce na cire hannu ɗaya daga gona na ba Nasara kyauta. Kowace damina sai ya zo ya tsaya a bakin kunya ya ce, "Yaya, da yaron nan yana nan da yanzu kun gama noman farko." A shekarar fari har taro aka yi mini a gidan nan, wai in cire ka ka tafi cin rani ka taimaka. Na ce ko za mu ci tafasa ba gishiri ba za ka fito ba. Shekara goma sha biyu ina sayen littafi da takalmi, ban taɓa zuwa wurin hedimasta na tambaye shi nawa ka kai a kasuwa ba. Wannan taurin kan da kake jin haushinsa yau, shi ne ya kai ka kujerar da kake zaune a kai.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don da niyyata in bari sai ka zo. Ranar Juma'ar da ta wuce, an sauko daga masallaci, ina zaune a ƙofar gida da mutane, sai ga Alhaji Uba mai mota da dillalinsa, da jaka a hammata. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sule, na zo mu ƙarasa maganar gonar Balan." Na ce wace magana? Ya ce ai ka biya ta wurinsa da safen ranar da za ka tafi, kun yi ciniki, har kun tsayar da kuɗi, saura in sa baki a kira shaidu.

Salisu, da ka mare ni a kasuwa da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya, na ji ciwo, kuma na yi fushin da na daɗe ban yi irinsa ba. Amma ban bari an gani a fuskata ba.

Na ce, "Alhaji, da bakin wa ka yi ciniki?"

Ya ce, "Da bakin mai gona mana. Ba kai ka ce tasa ce ba?"

Na ce, "Na ce tasa ce ranar da ya yi aure. An ɗaura ne ban ji ba?"

Mutane suka yi dariya. Alhaji bai ji daɗi ba, ya ƙyafta wa dillali ido, dillali ya ƙara kuɗi. Na girgiza kai. Ya sake ƙarawa. Gaskiya kuɗi ne masu yawa, na ga Auwalu ya haɗiyi yawu. Na ce, "Alhaji, ko motarka za ka ɗora a kai, da direban, ba ta sayarwa ba ce."

Ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Malam Sule, yaran yanzu ba irin namu ba ne. Taurin kan nan naka zai raba ka da ɗanka."

Na ce, "In ya raba mu, ranar da ya waiwayo zai same ni inda ya bar ni, gonar ma haka."

Na faɗa da ƙarfi don mutane su ji, amma maganarsa ta shige ni, har yanzu tana nan. Tun ranar in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, kuma ka san motarsa ce ke kai mana hatsi Kano. Wannan bai dame ni ba, jakuna ba su ƙare a duniya ba. Abin da ya dame ni innarka ce. Da labari ya shiga cikin gida ta zauna ta yi kuka, ta ce, "Malam, ka ba shi. Gona ƙasa ce, in ya yi zuciya ya ƙi dawowa fa?" Shekara talatin ita ke cewa kada a sayar ni ina sayarwa. Rana ɗaya da na tsaya, ita ce ke roƙo in saki, saboda tsoron rasa ka. Ka ga inda ka kai ta. Na ce mata a'a, ita ma.

Ranar Asabar da la'asar aka yi ruwan shuka, mai kyau, har ƙasa ta jiƙa kamu guda. Lahadi da sassafe na ɗauki sungumi, Auwalu ya ɗauki ƙwaryar iri, ba mu fara da gonar gida ba kamar yadda muka saba, muka wuce Balan kai tsaye. Ina sara yana zubawa, ba mu tashi ba sai da muka kai iyakar gamba ta gabas. Ka san al'adar garin nan, ba mai taya gonar da ke da shuka a ciki sai an girbe. Da gangan na yi. Ka gaya wa Ɗanjuma kada ya jira kuɗin Balan, Sallah za ta zo ta wuce gero yana tsaye. In an girbe ma ka sake tambaya, amsar da ka ji yau ita za ka ji. Ranar da ka yi aure zan kira mai unguwa da shaidu in damƙa maka ita kamar yadda na yi alkawari, daga nan abin da ka yi da ita tsakaninka da Allah. Amma kada in ji ka je ka ɗauko 'yar mutane a gurguje don wannan, na san ka da wayo.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Ina tsoron ka karanta ka yayyaga, ka daina rubuto mana, Sallah ta zo innarka ta yi ta leƙen tasha. In haka ka zaɓa zan ɗauka, zai yi mini ciwo ƙwarai, amma ba zai sa in sayar ba. Taka ce, shi ya sa. Da tawa ce, wataƙila da na ba ka don ka dube ni ka yi murmushi kafin mota ta tashi. Na gwammace ka yi fushi da ni kana da gona.

Allah ya tsare ka a birnin nan, fitarka da shigarka. Ya tsare ka daga abokin da zai cuce ka da gangan, da wanda zai cuce ka da kyakkyawar niyya. Ya sa albarka a albashinka kome ƙanƙantarsa, ya ba ka haƙurin jira, ya sanyaya zuciyarka a kaina. Kada ka yi wasa da salla. Ka rubuto wa innarka ko layi biyu ne, in ni ba ka son yi mini magana tukuna, zan karanta mata ba tare da na ƙara ko na rage ba.

Yau da hantsi na je Balan na duba. Geronka ya tsiro, layi-layi, ko rami ɗaya bai ƙi ba. Zan nome maka shi har ka zo.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sule